WA ZAI TSAYA WA ƊAN DA KE CIKI?

Masu jiran ci gaban labari ku yi mini afuwa a wannan karon, wata magana ce ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga in ban amayar da ita ba ba zan samu sukuni ba. Maganar kuwa ita ce ta zubar da ciki. Na san da jin haka wasu za su ce a'uzubillahi su kau da kai, to ku tsaya tukuna, kau da kan nan da muke yi shi ya kai mu inda muke.

Duk wanda ya saba karatun littattafanmu na Hausa ya san wannan fitowar. Yarinya ta yi ciki ba aure, ta kulle kanta a ɗaki ta sha kuka, sai ga ƙawa 'yar duniya ta shigo tana taunar cingam ta ce, "Ke banza, wannan har abin kuka ne? Tashi mu je." A ja ta wani lungu, cikin shafi biyu an gama. Daga nan sai marubuci ya zaɓi ɗaya cikin biyu, ko dai ta warke sumul ta auri Alhaji mai gidan sama, ko kuma a hukunta ta da rashin haihuwa, kishiya ta yi ta yi mata gori har ƙarshen littafi na uku. A duka biyun an ba yarinya baki ta yi magana, an ba ƙawa, an ba saurayin da ya gudu, har mai kemis ma an ba shi. Mutum ɗaya ne ba a taɓa ba shi ko layi guda ba, shi ne wanda aka zubar.

Abin da zai ba wasunku mamaki shi ne, inda na fi jin an tsaya wa wannan bawan Allah da hujja ta hankali, a bakin maƙwabtanmu Kirista 'yan ɗarikar Katolika ne. Kuma ba ina nufin baƙin Sabon Gari ba. Wanda bai taɓa fita daga cikin ganuwa ba yana iya zaton duk Bahaushe Musulmi ne, amma in ka miƙi hanyar Zariya ka isa Kwanar Ɗangora, ka karya kwana ka nufi Tudun Wada, ka ratsa dajin Falgore har ka dangana da Doguwa, ko ka kutsa ƙauyukan Kiru da Bebeji ta wajen Tiga, za ka tarar da gidajen Hausawa na usuli, jikokin Maguzawa, waɗanda suka karɓi addinin Kirista. Wasu 'yan ECWA ne, wasu Katolika. Tuwonmu ɗaya da su, karin maganarmu ɗaya, kunyarmu ɗaya, ran Lahadi ne kawai hanya ke rabuwa. Su Katolikan suna ƙarƙashin dayosis ɗin Kano ne, wanda ya samu cikakken matsayi a 1999, aka kuma naɗa masa Bishop John Namaza Niyiring a 2008.

Ina da ƙawa a cikinsu, 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Kiru, tun muna sakandare muke tare, yanzu tana aikin jinya. Wata rana muna hira na ce mata, "Ƙawata, wai ku me ya sa kuka fi kowa zafi a kan maganar nan? Ai har ku kan fi malamanmu." Na zaci za ta jawo mini aya daga littafinsu, in ce mata to wannan naku ne. Sai ta ce, "Bar batun littafi, ke dai ba ni amsa. Ke ɗin nan da ke zaune, ke ce kika yi rarrafe a tsakar gidanku?" Na ce ni ce mana. Ta ce, "Ke ce aka yanke wa cibi?" Na ce ni ce. Ta ce, "To ana jibi za a haife ki fa, wace ce a cikin Inna?" Na ce ai ni ce dai. Ta ce, "To yi ta ja da baya, wata guda, wata biyu, wata shida, in kin iso ranar da ba ke ba ce ki tsaya ki nuna mini ita."

Na daɗe ina juya wannan tambayar, kuma har yau ban samu ranar ba. Wannan ita ce ƙashin bayan hujjar Katolika, duk sauran a kanta aka ɗora su. Tun daga lokacin da ciki ya shiga, wani abu mai rai ya kama hanya, kuma ba a sake ƙara masa komai daga waje sai abinci da lokaci. Ba wani sashe ne na jikin uwa kamar hanta ko haƙori ba, don kuwa jininsa ma yana iya bambanta da nata, kuma yana iya zama namiji ita tana mace. Likitoci sun ce wajen sati uku da shigar ciki zuciya ke fara bugawa, wato tun kafin mace da yawa ta gama tantance ko ɓatan wata ta yi. Abin da ya bambanta shi da jaririn da ke goye ƙanƙanta ne, da rashin wayo, da dogaro ga wani, da kuma wurin zama. To a cikin huɗun nan wanne ne ke halatta jini? In ƙanƙanta ce, ɗan bakwaini ma ƙarami ne. In rashin wayo ne, jaririn kwana uku bai san sunansa ba. In dogaro ne, tsohuwar da ake juyawa a kan tabarma ana ba ta kunu a baki ta fi kowa dogaro, amma ba wanda ya ce a rabu da ita.

Akwai masu cewa ai ƙwai ba kaza ba ne. Manomin Doguwa zai ba su amsa. Irin masara da ke rataye a ɗaki daban, wanda aka binne ya sha ruwa ya tsiro daban. Bari shanu su shiga gona su cinye tsiron da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, ka ga ko mai gona zai yarda da cewa ai babu zangarniya ko ɗaya a ciki. Har gaban dagaci za a je, kuma kowa a wurin ya san masara aka ci.

Su kansu malaman Katolika sun daɗe suna muhawara a kan lokacin da ruhi ke shiga jiki. Babban malaminsu Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya bi ra'ayin mutanen Girka na dā cewa sai bayan kwana arba'in ko fiye, duk da haka bai halatta zubarwa kafin nan ba. A 1869 ne Fafaroma Pius na tara ya daina bambanta ƙaramin ciki da babba wajen hukunci. A wata takarda da fadar Batikan ta fitar a 1974 ba su yanke ranar shigar ruhi ba, sai suka ce ko da akwai shakka, shakkar kanta ta isa ta hana. Wannan kuwa kowane mafarauci ya san shi. In kana dajin Falgore ka ga duhuwa tana motsi, ba ka sani ba ko gada ce ko abokin farautarka, ai ba ka sakin harbi ka ce in an je an gani. Fafaroma John Paul na biyu, wanda ya zo Kaduna a 1982, shi ya tattara duk wannan a wata doguwar wasiƙa a 1995 mai suna Evangelium Vitae, wato bisharar rai, inda ya ce kashe ɗan tayi da gangan babban laifi ne ko da wane dalili. A dokarsu, wanda ya aikata ya fitar da kansa daga tarayyar coci nan take, sai ya tuba. A 2016 marigayi Fafaroma Francis ya ba kowane fada izinin karɓar tuban, don kada mace ta ce ƙofa ta rufe.

To mu fa? Sau nawa kika ji ana raɗa a ɗaki ana cewa, "Ai gudan jini ne, ba a busa masa rai ba"? Hadisin da suke jingina da shi gaskiya ne, shi ne na huɗu a Arba'una Hadisi, na Abdullahi ɗan Mas'ud, mai bayanin arba'in uku, kwana 120 ke nan, sannan a aiko mala'ika. Amma hadisin bayanin halitta yake yi, bai ce kafin nan an ba ki wuƙa da nama ba. Malaman Hanafiyya sun sassauta kafin cikar wannan wa'adi in akwai uzuri, amma mazhabar Malikiyya da muke bi a ƙasar nan ita ta fi kowace tsanani, fitaccen ra'ayinta shi ne da zarar mahaifa ta kama ba a fitarwa, ko da kafin kwana arba'in ne. Risalar da muka karanta a Islamiyya ta sanya wa ɗan tayin da aka yi sanadin zubewarsa diyya, dinari 50 ko dirhami 600. Ana biyan diyyar abin da ba kowa ba? Sannan ku tuna da matar nan Bagamidiya da ta zo wa Manzon Allah (SAW) da cikin zina tana neman a tsarkake ta. Ya mayar da ita sai ta haihu, ta dawo ya sake mayar da ita sai ta yaye. Cikin zina ne fa, irin wanda muke kira da sunan nan mara daɗi, amma aka dakatar da haddi sukutum saboda shi. Ashe mu da mutanen cocin ƙauyen Kiru ba mu yi nisa da juna ba kamar yadda muke zato.

Ba kuma cewa nake na yarda da su ɗari bisa ɗari ba. Inda muka rabu shi ne inda rayuwar uwa ke cikin haɗari. Su a wurinsu ba a nufin ɗan da kisa ko don a ceci uwa. Abin da suka yarda da shi shi ne a yi wa uwa maganin cutarta ko da maganin zai yi sanadin rasa ɗan, kamar a cire mahaifar da ta kamu da ciwon daji, ko a yanke bututun da ciki ya zauna a cikinsa maimakon mahaifa, tunda ba mutuwar ɗan aka nufa ba. Har suna da wata likita 'yar Italiya, Gianna Molla, wadda aka samu ƙari a mahaifarta tana da ciki, ta zaɓi a bar ɗan, ta haihu ta rasu bayan mako guda a 1962, suka sanya ta cikin waliyyansu a 2004. Na jinjina mata, amma jarumtaka ba a tilasta wa mutum ita. Matar da ke wani ƙauye bayan Riruwai, mai 'ya'ya shida, jijjiga ta kama ta, kafin a samu mota a kai ta asibiti rana ta faɗi, in likita ya ce sai ɗaya, ni ina tare da malamanmu da suka ce uwa ce tushe, ba a sare bishiya don a tsirar da reshe. Dokar Final Kod da ke aiki a Arewa tun 1960 ma haka ta ce, ta haramta zubar da ciki da ɗaurin da zai iya kai shekara 14, sai fa in don ceton ran uwa aka yi. Haka nan batun tazarar haihuwa, Fafaroma Paul na shida ya hana ƙwaya da makamantanta a 1968, ya bar musu lissafin kwanaki kawai. Ni kam ina ganin hana shiga ya fi fitarwa sauƙi nesa ba kusa ba, in dai tsakanin miji da mata ne.

Sai hujjar 'yan boko, masu cewa jikin mace nata ne. Wata malamar jami'a a Amurka, Judith Thomson, ta kawo misali a 1971, wai ka farka ka ga an jona jikinka da na wani mara lafiya da ba ka sani ba, an ce in ka cire tiyon kafin wata tara zai mutu, shin dole ne ka zauna? Misalin yana da ƙarfi, ba zan raina shi ba. Amma wancan baƙo ne, wannan kuwa ɗanki ne, kuma zubar da ciki ya wuce zare tiyo, hannu ake sawa a fitar da shi. Inda misalin ya fi ciwo shi ne wajen fyaɗe, don ita wannan ba ta buɗe wa kowa ƙofa ba. Yarjejeniyar Maputo ta ƙasashen Afirka ta 2003 ta nemi a ba irin waɗannan dama, Nijeriya ta amince da ita a 2004 amma ba ta sauya dokarta ba. Katolika sun ce laifin uba ba ya hawa kan ɗa. Hankalina ya karɓi wannan, amma wallahi yarinya 'yar sha uku da wani ƙato ya danne a gonar rake, ba ni da bakin da zan tsine mata ko me ta aikata. Tsinuwata tana kan ƙaton, da kuma manyan garin da za su taru su ce a rufa asiri a bar maganar.

Wannan rufin asirin shi ne ainihin inda nake son zuwa. A baki duk mun haramta, limami ya haramta, fada ya haramta, doka ta haramta. Amma wani bincike da cibiyar Guttmacher ta yi tare da masana na Ibadan ya ƙiyasta cewa a shekarar 2012 kaɗai an zubar da ciki miliyan 1.25 a Nijeriya, kuma mata wajen 212,000 sun kwanta jinya saboda abin da ya biyo baya. To su wa ke yi? Aljanu? A Imo limaman Katolika sun tayar da ƙura har Gwamna Rochas Okorocha ya janye wata doka a 2013, a Legas ma sun sa an dakatar da wasu ƙa'idoji a 2022. Sun yi nasara a takarda. Mu nan takardarmu ta fi shekara sittin tana hani, amma lungun nan na cikin littattafanmu bai taɓa rufewa ba.

Dalili kuwa shi ne, yarinyar da ta yi ciki ba ita ke fara tunanin zubarwa ba. Sau da yawa uwa ce, ko gwaggo, ko yayar da ke tsoron kada a fasa aurenta. Uwar da ba ta tsallake nafilar walha ita ce za ta ɗaura mayafi da daddare ta ja 'yarta, don abin da ta fi tsoro shi ne bakin matan unguwa ranar biki. Ga kuma 'yan aikatau, ƙananan yara da ake kwasowa daga ƙauyukan nan namu na kudu, Musulmi da Kirista, a kai su gidajen masu hali a birni. In ɗan masu gida ya lalata ta, wa ke biyan kuɗin wankin ciki? Hajiyar gidan ce, sannan a haɗa mata kayanta a leda a sa ta a motar Tudun Wada, a ce ta cika sata. Wadda ba ta samu mai biya ba ta koma ga jiƙe-jiƙe, a wayi gari ana cewa zazzaɓi ne ya ɗauke ta, kowa ya sani kowa ya yi shiru.

Ku tuna da Safiya Husaini ta Tungar Tudu a Sakkwato, da aka yanke wa hukuncin jifa a 2001, da Amina Lawal da kotun Bakori ta yanke wa irinsa a 2002. Duk su biyun kotun ɗaukaka ƙara ta sallame su, Safiya a 2002, Amina a 2003, alhamdu lillahi. Amma mene ne shaidar da aka fara kama su da ita? Cikin da suka bari da jaririyar da suka goya. Mazan da aka ambata kuwa suka musanta suka kama gabansu. Ba hukuncin Allah nake ja da shi ba, tambaya nake, yarinyar ƙauye da ta ji wannan labari a rediyo, wane darasi ta ɗauka? Ta gane cewa wadda ta zubar ta tsira da mutuncinta, wadda ta ji tsoron Allah ta bari ita ce a gaban alƙali. Mun mayar da ɗan cikin ya zama shi ne mai shaida a kan uwarsa, sannan muna mamaki don an kashe mai shaida.

Wadda ta daure ta haifa fa, me muke yi mata? Ba a yi mata guɗa, ba a zuwa barka, rago ma sai a ce ba a yanka wa irinsa. Yaro ya taso, duk faɗan da ya yi da sa'ansa a bakin famfo da kalma ɗaya za a kayar da shi. In mace ce, ranar da aka zo neman aurenta wani tsoho zai tashi takanas ya je ya fesa wa dangin miji. Shi ya sa ake tsintar jarirai a kwalbati da kangon gini, masu sauran kwana a kai su gidan yara na Nassarawa. Alhali a shari'a yaron nan Musulmi ne cikakke, ana danganta shi ga uwarsa, yana gadonta tana gadonsa, in ya mutu a yi masa salla, kuma Alƙur'ani ya faɗa ba sau ɗaya ba cewa wani ba ya ɗaukar laifin wani. Na tambayi ƙawata ko su sun tsira daga wannan, ta yi dariya ta ce, "Ina fa! Fada zai yi wa yaron baftisma ba musu, amma matan zumunta kuma sai Allah. Ai Hausawa ne mu duka."

Don haka ni a ganina duk wanda ya hau mumbari, na masallaci ko na coci, ya ce kada a zubar, bai gama magana ba sai ya faɗi inda za a ajiye yaron in an haife shi, da wanda zai ciyar da shi. Limamin unguwa ya taka da ƙafarsa ya je gidan ran suna, ya yi wa jariri huɗuba a kunne a gaban kowa, in ya je ba mai iya cewa uffan. Hukumar Hisba da ke kama 'yan mata ta riƙa kamo samarin da alhazan, yanzu da gwajin jini ke iya nuna mai ciki, ko ba a ba yaro nasabarsa ba ai a iya tatsar kuɗin abinci da na makaranta daga aljihunsa. Makarantar da ta kori yarinya ta buɗe mata ƙofa bayan ta yaye. 'Yan'uwana marubuta kuma, a cikin ɗaruruwan littattafan da ke fita, a samu ko guda goma da za a bar yaron nan ya rayu, a raɗa masa suna, ya yi rarrafe, ya shiga makaranta, ya yi soyayya a ba shi mata, ba tare da an gano a shafin ƙarshe cewa wai ashe an ɗaura wa iyayensa aure a ɓoye ba.

Masu jiran labari, mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ɗora daga inda muka tsaya.